Dressin mai azurfa da gyambon da ya ƙi warkewa

Ka tambaye ni wai me ya sa dattijon nan mai ciwon suga har yanzu ƙafarsa ke ruwa, alhali 'ya'yansa sun kashe kuɗi sun sayo dressin mai azurfa, kana cewa ko dai na bogi aka sayar musu. To ƙanena, ba lallai bogi ba ne, ka koma ka duba ƙasan ciwon da kyau.

Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta kam, wannan ba gardama, tana huda bangon ƙwayar ta tsayar mata da numfashi ta hana ta hayayyafa, shi ya sa tun 1968 da Charles Fox ya haɗa man silba salfadayazin a Amurka ake shafa shi a ƙuna, shi ne Dermazin ɗin da kake gani a ɗakin majinyata. Amma fa ƙwayar da ke yawo ita kaɗai daban, wadda ta yi gida daban. A tsohon gyambo ƙwayoyin cuta irin su Sudomonas da Staf sukan taru su manne su lulluɓe kansu da wani yauƙi, shi ake kira bayofim, kamar santsin nan na cikin randa, ai ka san ɗauraya ba ta fitar da shi sai an sa soso. Wani bincike na 2008 ya same shi a kashi 60 cikin ɗari na tsofaffin raunuka, sababbi kuwa kashi 6 kacal. Azurfar na shiga sai yauƙin da mugunya da gishirin ruwan ciwo su riƙe ta tun daga sama, ta kashe na baki-baki, na can ƙasa kuwa suna kwance lafiya lau.

Don haka aikin hannunka ne farko. Ka wanke, ka kankare mataccen nama da yauƙin har ka ga jan nama, in ƙafar ba ta samun jini sosai kar ka taɓa, kira likita. Sannan ka ɗora azurfar nan take, don yauƙin nan cikin kwana 1 zuwa 3 yake sake haɗuwa, a wannan ɗan tsakanin ne take cin kuɗinta.

In dressin mai azurfar nan Acticoat ne kar ka jiƙa shi da salin, wato ruwan gishiri na asibiti, gishirin na kama azurfar, ruwan allura zalla za ka sa. Man silba salfadayazin kuma ka tambaya ko maganin salfa na yi wa mutum illa, kuma kar a shafa wa jarirai sabbin haihuwa da mai tsohon ciki.

Ka ba dressin mai azurfar sati 2 kana auna ciwon kana rubutawa. In wari da ruwa sun ragu, nama ya fito, ka koma dressin na yau da kullum, don azurfa in ta daɗe tana iya taɓa sabon naman ma, ga tsada. In babu canji ka daina, a ɗauki samfur a kai lab, a duba sugansa da kuma ko yana taka ƙafar.