Ga 'yar uwar da ke tsoron a tambaye ta saɓaninta da tsohon shugabanta a intabiyu

Assalamu alaikum 'yar uwa. Sau biyu na karanta tambayarki, wallahi kamar ni na rubuta ta. Kin ce mako mai zuwa kina da intabiyu, kuma fargabarki a ce ki ba da labarin saɓanin da kika taɓa samu da abokin aiki, ko a tambaye ki me ya raba ki da tsohon wurinki, alhali shugabanki ne ya cuce ki. Ki faɗi gaskiya ne, ko ki ce lafiya lau kuka rabu? Wannan ramin na taɓa faɗawa cikinsa har wuya.

Shekara 3 na yi a ƙarƙashin wata oga. Akwai rahoton da na kwashe kusan wata biyu ina haɗawa, wani lokaci sai dare ya raba ina gaban kwamfuta. Ranar taro ta cire sunana daga shafin farko ta sa nata, ta miƙe gaban manya ta gabatar. Ni kuwa ina kujerar baya, ni aka ɗora wa rubuta bayanan taron, wato da hannuna nake rubuta yabon da ake yi mata a kan gumina. Da wani ya gano kuskure a lissafin da ita da kanta ta canza da safen, sai ta waigo ta ce, "Ke, ba na ce ki duba ba?" Kowa ya juyo yana kallona. Washegari ta turo imel na gargaɗi, ta sa duk sashenmu a ciki. Har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Na bar ta da Allah.

Bayan wata 4 da ajiye aikin aka kira ni intabiyu. Mutum uku ne a teburi, ɗaya mace ce riƙe da biro. Komai na tafiya daidai har aka zo kan tambayar saɓani. Sai bakina ya kufce. Na fi minti 5 ina zayyano halin matar nan, muryata na rawa. Ina gani mai biron ta ajiye shi, ta daina rubutu. Da na tsagaita, ɗaya daga cikinsu ya ce a hankali, "To ke wane mataki kika ɗauka?" Na yi shiru, domin abin da na yi bai wuce kuka a banɗaki da rubuta takardar barin aiki ba. Ba su sake nemana ba.

Daga baya na gane ba ogar suke bincike ba, ni suke aunawa. Ba su san ta ba, ba su da hanyar jin nata ɓangaren. Abin da ke gabansu kawai, yadda kike maganar wanda ba ya wurin, haka za ki yi tasu gobe. Baki shi ke yanka wuya.

Amma kada ki ce ba ki taɓa saɓawa da kowa ba, ba mai yarda. Ki nemi saɓani a kan aiki, ba a kan hali ba: ke kina son a jinkirta miƙa aiki a gyara, abokin aikinki yana son a cika wa'adi. Akwai tsarin da masu ɗaukar ma'aikata ke kira STAR: ki faɗi halin da aka shiga, nauyin da ke kanki, matakin da kika ɗauka, sai sakamako. Na farko da na biyu jimla bibbiyu sun isa, ki daɗe a kan matakin. "Na same shi mu biyu, na fara jin dalilinsa, na kawo masa alƙaluma." Ki riƙa cewa "na yi", kada komai ya zama "mun yi". Minti 2 ki rufe baki.

Maganar barin aiki kuwa, ba sai kin yi ƙarya ba. Ni yanzu cewa nake, "Na koyi abubuwa da yawa a can, amma ina neman wurin da ake bayyana aikin kowa a fili." Gaskiya ce tsantsa, kuma ban ambaci kowa ba.

In an tambaye ki ɗabi'un da kike girmamawa, don Allah kada ki jero gaskiya, amana, haƙuri kamar hadda. Ki ɗauki biyu, kowacce da labarinta. Ki duba shafin intanet na wurin da kike neman aikin, kamfanoni da yawa sun rubuta nasu. Amazon, misali, tana da ƙa'idojin shugabanci 16 da take gina tambayoyinta a kansu, ɗaya ma cewa take ka fito ka nuna rashin amincewarka cikin girmamawa, in an yanke hukunci kuma ka rungume shi. Kin ga ashe saɓanin kansa ba laifi ba ne.

Kuma ke ma ki tambaye su. In suka ce "kina da tambaya?", ki ce, in mutum biyu suka saɓa a sashen nan wa ke shiga tsakani? Wanda ya riƙe kujerar nan me ya tayar da shi? Ki kalle su sosai, labarin zuciya a tambayi fuska. Google ta fara wani bincike a 2012 kan rukunonin ma'aikatanta 180, abin da ya fi fitowa shi ne rukunin da mutum ke iya magana ko amsa kuskurensa ba tare da tsoron a muzanta shi ba ya fi yin aiki mai kyau. Da na san in tambayi haka tun farko, da ban yi shekara 3 barci na gagarata ba. In kin samu aikin ma, duk umarnin da aka ba ki da baki ki bi shi da imel, ki adana kwafin aikinki mai kwanan wata.

Kafin ranar, ki zauna da wadda kika yarda da ita ki amayar mata da labarin shugaban nan kaf, ki yi kukan in zai zo. Sannan ki ɗauki muryarki a waya kina ba da amsar da kika shirya, ki saurara, ki sake. Ni sai a karo na 6 muryata ta daina rawa. Allah ya ba ki sa'a, ki dawo ki faɗa mana yadda kuka yi.