Kafin ka ci bashin kwantena, tambayi ƙanin matarka da me yake wanke mabul

Wani ɗan kasuwa daga Mabera, nan cikin Sakkwato, ya rubuto mini. Shekara 4 ke nan yana saro mabul da giranit daga Legas. Ya ce yana samun ribar kamar naira 15,000 a kan kowace sukwaya mita, amma in shekara ta ƙare ba ya ganin kuɗin. Don haka yana so ya ci bashin banki ya shigo da kwantena daga Indiya, ya tsallake dillalai. Can ƙarshen wasiƙar, kamar abin da bai dame shi ba, sai ya ce bara sau 4 ya sake wa masu gida dutse daga aljihunsa, domin ƙanin matarsa ne ke shimfiɗa musu, shi kuma ba ya son rigimar gida.

Alhaji, ajiye maganar Indiya tukuna. A wannan layin na ƙarshe kuɗinka suke zurarewa.

Mu yi lissafi. Kantar kicin ɗaya takan ci sukwaya mita 5. A ce ka saro kowace a kan naira 70,000, sakewa ɗaya ta cinye 350,000, ban da yanka, ban da siminti, ban da kuɗin mota. Sai ka sayar da sukwaya mita sama da 23 kafin ka mayar da wannan. Sau 4 kuwa, sama da 90 ke nan ka yi dakonsu kyauta tun daga Legas. Kuma na san ko ɗaya ba ka rubuta a littafin lissafinka ba, don da ka rubuta da ba ka tambaye ni inda riba take tafiya ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Me ya ɓata dutse a gidajen nan? Ka je ka gani da idonka, ko abin da yaron ya faɗa maka ka ɗauka? Mabul asalinsa dutsen farar ƙasa ne, ɗan'uwan wanda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, zafi da matsin ƙasa ne suka sauya shi. Duk abin da ke da tsami yana cin sa: lemun tsami, tsamiya, zoɓo, tumatir, da yawancin magungunan wanke bayan gida. Masu tayil kuma sun saba, in sun gama aiki sai su zuba asid su wanke ragowar siminti. Tayil yana jurewa. Mabul kuwa cikin 'yan mintuna ƙyallinsa yake mutuwa, kuma ba wankin da zai dawo da shi sai an kawo injin gogewa.

Na san wani mai shago da ya samu aikin falo da matakalar bene a wani gida a Arkilla, farin mabul tas. Ɗan yayarsa ya shimfiɗa, aiki ya yi kyau. Daren da za a miƙa makulli yaron ya ce bari ya ƙara masa haske, ya kwarara asid. Da gari ya waye falon kamar an barbaɗa toka. Mai gida ya riƙe ragowar kuɗinsa, yaron ya rantse dutsen ne jabu, babu takarda ko ɗaya da za ta raba gardama. Mutumin yanzu fenti yake sayarwa, shi da yayar tasa kuma sai gaisuwar wurin biki. Zumuncin da ya yi shiru dominsa bai tsira ba.

Akwai kuma abin da yake laifinka ne kai kaɗai. In Hajiya ta zo ta nuna farin dutse mai jijiyoyi irin wanda ta gani a Instagram, wa yake tambayarta inda za a sa? Kicin da ake soya manja, ake dama kunun tsamiya, giranit yake so, shi ma sai an shafa masa sila, wato maganin da ke hana dutse shan ruwa da mai, musamman giranit mai hasken launi. Ɗiga ruwa a kan guntu ka jira. In wurin ya yi duhu, manja ma zai shige. Baƙin giranit a tsakar gida, ranar Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba mai taka shi ba takalmi. Dutse mai santsi a wurin alwala karaya kake sayarwa. Mabul a bakin ƙofa kuma, yashin da ke manne a takalmi da ƙurar hunturu sun fi shi tauri, a hankali za su karce shi. Wanda ka gaya wa haka ya nace, ruwansa, amma ya sa hannu.

Daga gobe kowane aiki da takardarsa: irin dutse, kaurinsa santimita 2 ne ko 3, inda aka sa, wanda ya shimfiɗa, ranar da aka shafa sila, hoton ranar miƙawa, da sa hannun mai gida cewa an gaya masa ruwa da sabulu mai laushi kawai. Ƙanin matarka ka ɗauke shi ɗan kwangila. Riƙe kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin aikinsa har mako biyu bayan miƙawa, abin da ya ɓata daga nan za a cire. Ka fara gaya wa uwargida da bakinka kafin labari ya iso mata a karkace. In ya ce ka raina shi, Sakkwato ba ta rasa masu tayil ba.

Kwantena kuwa, kallon kitse kake wa rogo. Giranit mai kaurin santimita 2 yana kai kilo 54 a sukwaya mita. Da dala za ka biya, launi a hoto za ka zaɓa, kwastan na jiranka a Apapa, sannan tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota, duk wanda ya tsage a hanya naka ne, ba dillalin da za ka mayar wa. Ban ma taɓo kuɗin ruwa ba, wannan tsakaninka da malaminka. Riƙe takardun nan wata 6, ka turo mini adadin aikin da ka sake a cikinsu, sannan mu yi maganar Indiya.