Wufa na gunji a bakin ƙofa, a kujerata kuma shiru: laifin na'ura ne ko na ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mazaunin Sabon Gari ne a nan Damagaram. Na ware ɗaki guda don kallo, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 3, ginin bulo da siminti, ƙasa tayil. Na sa talabijin da amfilifaya da lasifika biyar da wufa, wato lasifikar sauti mai kauri, mai inci 10. In na zauna a kujerata a tsakiyar ɗaki ba na jin dirin nan da ake ji a ƙirji, amma in na tsaya bakin ƙofa sai in ji tana gunji har taga na kaɗawa, maƙwabcina ma ya yi mini magana. Mai shago ya ce in ciko kuɗi in ɗauki mai inci 15. Me ka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Wufar da take kaɗa taga har maƙwabci ya ji, ba ƙarfi ta rasa ba. Matsalar tana ga ɗakin da kuma inda ka ajiye kujera.

Ka zuba ruwa a daro ka ɗan girgiza shi. Za ka ga yana hawa a wannan gefe yana sauka a wancan, tsakiya kuwa kusan ba ta motsi. Haka iskar ɗaki take yi da sauti mai kauri. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon igiyar sauti mai 40 Hz, wato mai kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, ya haura mita 8, ya fi ɗakinka tsawo. Sai ya bugi bango ya dawo ya haɗu da mai fitowa. A wani wuri su taru su yi yawa, a wani wuri su kashe juna. Lissafin ba wuya: ka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗaki. Mita 5 ya ba ka kusan 34 Hz, mita 4 ya ba ka 43, mita 3 kuma 57. Waɗannan su ne muryoyin da ɗakinka yake kumburawa a jikin bango, kuma na farko da na biyu a tsakiyar ɗaki suke mutuwa, daidai inda kake zaune. Ko mai inci 18 ka kawo, abin da ya fita da abin da ya dawo tare za su ƙaru, ramin, wato wurin da sautin ke mutuwa, yana nan.

Ginin namu ma yana ƙara wa abin tsanani. Yawancin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne don gidajen Amurka, inda bango allo ne marar kauri da ke lanƙwasawa ya shanye wani ɓangare na dirin. Bulo da siminti, ko katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen Birni, mayar da shi suke yi kusan duka.

Fara da kujera, tunda wannan ba ya cin ko dala. Janye ta daga tsakiya da kamar rabin mita zuwa baya, kunnenka ya kasance wajen mita 2 daga bangon baya. Kada ka manna ta da bango, can kuma gunjin zai yi yawa har ya danne magana.

Sai neman mazaunin wufa, kuma a nan nake so ka ba da lokaci. Samo doguwar waya, ka ɗauki wufar ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama. Kunna waƙar da ka sani sarai, wadda bes ɗinta, wato dirinta, ke hawa yana sauka. Sannan ka durƙusa ka bi gefen bango da rarrafe, kanka a ƙasa-ƙasa, kana saurare. Za ka sha mamaki: taku biyu kawai, sautin ya canza. A wani wuri murya ɗaya ce tal ke gunji, a wani wuri kamar an kashe na'urar. Inda ka ji kowane bugu ya fito da nauyinsa daidai da ɗan'uwansa, sa alama da alli, nan ne gidan wufa. Dalili shi ne hanyar sauti daga kujera zuwa wurin nan ita ce dai hanyarsa daga wurin zuwa kujera. Kusurwa tana ƙara ƙarfi sosai, amma takan ta da duk muryoyin ɗakin lokaci guda. Gwada ta, kada dai ka ɗauka dole nan ne.

Saiti bai da yawa. A cikin amfilifaya ka nuna cewa lasifikokinka biyar ƙanana ne, ka sa iyakar rabon sauti a 80 Hz, ma'aunin da THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin sinima, ya yaɗa, don duk abin da ke ƙasa da haka ya tafi wufa. Maɓallin ƙarfin da ke bayanta ya tsaya wajen rabi. Akwai wani mai 0 da 180: ka zauna a kujera, wani yaro ya riƙa juya maka shi, ka bar shi a inda ka fi jin cikar sauti. In na'urarka Yamaha ce mai YPAO, ko Denon mai Audyssey, wato tsarin da ke auna ɗaki ya daidaita sauti da kansa, sai bayan duk wannan za ka kafa makirufonta ta auna.

Kaɗawar taga kuma aikin wayar hannu ne. Sauke manhajar da ke fitar da sauti zalla, ka haɗa da amfilifaya, ka rage murya, ka riƙa hawa a hankali daga 30 zuwa 100 Hz. Kowane abu zai tona kansa: tagar ƙarfe, ƙofa, silin, hoton bango, kofunan da ke cikin kabad. Guntun robar tsohon tib da aka liƙa a inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe yakan kashe ƙarar nan take. Amma kada ka dogara da makirufon waya wajen awo, ba ya kama muryoyi masu kauri da gaskiya. Mai son awo na sosai ya nemi manhajar REW, kyauta ce a kwamfuta, da makirufon awo irin UMIK-1. In awon ya nuna tudu, wato muryar da ta yi yawa, a rage shi da ikwalaiza, saitin da ke rage ko ƙara kowace murya daban. In rami ne kada a ce za a cike shi da ƙarin ƙarfi, zafi kawai amfilifaya zai ɗauka, ga zafin garinmu a watan Afrilu.

Na taɓa shiga wani ɗakin kallo da aka lulluɓe bangonsa kaf da kwalin ƙwai, mai ɗakin ya kashe kuɗi da kwanaki, gunjin kuwa ko gezau. Abin ya ba ni tausayi. Kwali da siririn soso da labule da kafet suna rage amsa-kuwwar murya da tafi, amma igiyar da ta kai mita 8 ba ta san da su ba. Abin da ke taɓa ta sai mai kauri: audugar gilashi ko ta dutse, kaurin santimita 20 zuwa 30, a tsaye a kusurwa daga ƙasa har sama, an rufe da yadi don kada a shaƙa. Shi ma ya fi aiki daga wajen 80 Hz zuwa sama.

In ka yi duk wannan kuma har yanzu kana son kashe kuɗi, ƙaro mai inci 10 ta biyu irin taka, maimakon babba guda. Binciken da Todd Welti ya yi a kamfanin Harman a 2002 ya nuna wufa biyu a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna suna daidaita diri a kujeru da yawa fiye da guda ɗaya. Ga mai iyali da baƙi wannan ya fi amfani.

Batun maƙwabci kada ka yi wasa da shi, Alhaji, haƙƙi ne. Diri na ratsa bango fiye da kowane sauti, kuma ina zaton ka riƙa ƙure murya ne saboda ba ka ji a inda kake. Da zarar ka fita daga ramin za ka rage da kanka. Wajen rarrafen nan ka tsallake bangon da kuka haɗa da shi, ka sa roba mai kauri a ƙarƙashin wufar, bayan sallar isha kuma ka kunna saitin dare da ke cikin amfilifaya. Ranar da ka gama, ka bar fim yana ci ka shiga gidansa ka saurara da kunnenka.