Tambayi Likita: Yarona ya wuce aji na gaba ko ya maimaita?

Tunda aka fara raba sakamakon zango na uku saƙonni suka cika min waya, kusan duk maganar wucewa aji ce, ga huɗu daga ciki.

Wata uwa daga Zariya: Likita dan Allah yarona shekararsa 7 yana aji biyu, ya zo kusan na ƙarshe, malaminsa yace ya maimaita, babansa kuma yace ina, wai abin kunya ne, ni dai na rasa ta cewa.

Toh Hajiya, ki ajiye maganar na nawa ya zo tukunna, don wannan lambar tana gwada shi ne da 'yan ajinsu, bata gaya miki me ya iya ba. Ki zaunar da shi ki bashi ɗan labari na Hausa layi uku ko huɗu wanda bai taɓa gani ba ya karanta, ki rufe littafin ki tambaye shi waye ya yi me, saboda yaranmu da yawa rera abin da ke allo suke kamar waƙa amma ki ɗora yatsa kan kalma ɗaya a tsakiya sai su yi zuru. Lissafi kuma ki ce an aike shi da naira 200 ya sayo abin 150, canji nawa zai kawo. In ya haɗa baƙaƙe yana fitar da kalma ko da a hankali ne, ya wuce abinsa, a riƙa zama da shi minti 20 kullum a hutun nan. In kuwa har yanzu harufan ma suna rikice masa to akwai aiki, don daga aji uku zuwa huɗu ake daina koyar da karatun kansa, a koma amfani da shi wajen koyon sauran darussa, wanda bai iya ba kullum ƙara nisa ake masa. Amma fa maimaitawa da malami ɗaya, salo ɗaya, benci ɗaya na can baya, ba abin da zata canza. Kafin ku yanke hukunci a gwada idonsa da kunnensa a asibiti, sau da yawa yaron da ake kira daƙiƙi allon ne kawai baya gani, gilashi yake buƙata.

Wani uba daga Kano: 'Yata shekara 8, malamai sunce bata maida hankali, a gida ma sai an kira ta sau uku, ga ƙure ƙarar talabijin, tana ƙarama kunnenta ya sha zubar da ruwa. In sa mata lesin?

Alhaji ka riƙe kuɗin lesin ɗinka tukuna. Ciwon kunne mai zubar da mugunya yana iya huda dodon kunne ya rage ji, yarinyar da take jin rabin maganar malami kuwa dole ta zama kamar mai taurin kai. Ka kaita sashen kunne, hanci da maƙogwaro a yi mata gwajin ji, akwai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kar a ɗiga mata man ja ko wani tsimi, kar a sa tsinken ashana ko gashin kaza. A roƙi malama ta dawo da ita bencin gaba. Abu ɗaya da zaka lura, in tana cikin magana sai ta ɗauke ɗif ido a buɗe na kamar daƙiƙa 10 sannan ta cigaba kamar ba komai, wannan wata irin farfaɗiya ce marar faɗuwa, ba iskokai bane, kuma tana jin magani sosai.

Wata Hajiya daga Kaduna: Ɗana shekara 9 aji huɗu, kullum shi ke na ɗaya, makaranta tace ya zana jarabawar shiga sakandare bana, in yarda?

Ni dai a ra'ayina a'a. Tsarinmu firamare shekara 6 ce, a shiga da shekara 6 a fita wajen 12, amma makarantun kuɗi da yawa sun mayar da aji shida kamar babu shi, iyaye kuma ana jin daɗin a ce yaro ya yi tsallake. Cin jarabawa daban, zama da yara 'yan shekara 12 da 13 daban, balle in kwana zai yi, zai iya wankinsa, zai iya kula da kayansa, zai iya buɗe baki ya kai ƙara in babba ya zalunce shi? Sannan in ya shiga da 9 zai gama da 15, mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a kuma 16 ne, kinga saurin ya ƙare a zaman gida.

Daga Maraɗi: Yarona gyangyaɗi yake a aji, makinsa ya faɗi bana.

Malam ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba, in ta yi fari a gwada jininsa, ƙarancin jini daga zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko sikila yana kashe kuzarin karatu. A bashi maganin tsutsa, kar ya fita da safe ba ko koko a cikinsa, kuma yaro ɗan 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, so a karɓe wayar bayan isha'i.