Amsa kan murar yaro da amoksisilin

Ƴar'uwa, kin tambaya ko ki sayo wa yaronki mai shekara 2 amoksisilin wurin masu tallar magani a kasuwar Tawa, tunda mura da tari sun kama shi yau kwana 3. A'a, kada ki saya. Yawancin murar hunturu ƙwayar birus ce ke kawo ta, amoksisilin kuwa wata irin ƙwayar cuta daban, bakteriya, yake kashewa, ba ya taɓa birus ko kaɗan. Jikin yaron ne ke yin yaƙin da kansa: fararen ƙwayoyin jini su gane baƙuwar cuta, su haɗa mata makami, cikin kwana 7 zuwa 10 ta lafa, ko da tarin ya ɗan daɗe. Ki yawaita ba shi ruwa da kunu mai ɗumi, ki tsare shi daga ƙura da sanyin asuba.

Amma ki lura da numfashinsa. In ya natsu, ɗaga rigarsa ki ƙirga na minti ɗaya cif. Idan ya kai 40 ko ya wuce, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ciwon huhu ake tsoro, ki kai shi asibiti ranar nan. Haka ya faru da ɗiyata bara, cikin dare na ga ƙirjinta na shiga yana fita. Likita ya duba ta, shi ya rubuta amoksisilin daidai nauyinta, muka shanye kwanakin duka. In kuma jikin yaronki ya yi zafi, a fara yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro.