Kafin ka kai kuka kan harajin gidanka, nemi takardar awon gidan

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce takardar haraji ta zo, an ɗaga darajar gidanka da kusan kashi ɗaya cikin uku alhali ko bulo ɗaya ba ka ƙara ba, kana tambaya ko akwai inda ake kai kuka, ko kuwa ka biya ka yi shiru. Akwai. Sau biyu ina shiga wannan sha'ani, na farko na sha ƙasa, na biyu aka rage mini.

Karon farko da zafin rai na je. Na zauna gaban mutum uku na kwamitin sauraron ƙorafi ina ta zuba: kuɗin ya yi yawa, titinmu duk ramuka, albashi bai motsa ba. Suka bar ni na gama. Sai wata dattijuwa a cikinsu ta sauke tabarau ta ce, "Malam, duk mun ji. To nawa kake ganin gidan zai yi a kasuwa, kuma ina hujjarka?" Bakina ya mutu murus. Ko minti goma ban yi a ɗakin ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, kuɗin da ke jikin takardar abu biyu ne aka haɗa: darajar da aka yi wa gidan, da kason da hukuma ta yanka a kan kowace daraja. Kason nan ba ruwan kwamiti da shi, magana ce ta masu tsara kasafi. Darajar kaɗai ake jayayya a kai. Duk abin da za ka faɗa wanda bai taɓa darajar ba, ɓata yawu ne.

A karo na biyu sai na fara da neman takardar bayanan gidan da ke ofishinsu. Wallahi da na karanta sai da na yi dariya. Sun rubuta murabba'in mita 210, gidan kuwa 165 ne, domin an lissafa garejin mota a matsayin ɗakin kwana, an kuma ba ni banɗaki uku, ni da nake da biyu. Ba mugunta ba ce. Mai kimantawa ba ya shiga gida-gida ya duba, dubban gidaje ake zuba wa kwamfuta ta fitar da ƙiyasi, idan an shigar da kuskure tun farko haka zai yi ta bin ka shekara da shekaru. Ni da ɗana muka ja tef ɗaki-ɗaki, yana riƙe da baki ɗaya ina rubutawa, na haɗa da zanen ginin.

Daga nan sai gidajen kwatance. Nemi uku zuwa biyar a kusa da kai, masu kama da naka a girma da shekaru, waɗanda aka riga aka sayar dab da ranar da aka yi kimantawar. Ka lura, wanda aka sayar nake nufi, ba farashin da dillali ya liƙa yana jiran mai tayi ba. Kada kuma ka tsinto masu araha zalla, su ma suna da lissafinsu, za su gane. Idan akwai tsagewar bango ko yoyon rufi, ɗauki hoto, ka sa magini ya rubuta maka abin da gyaran zai ci. Gani ya kori ji. Takarduna duka shafi shida ne, kuma ba a kai ga zaman kwamiti ba ma, ma'aikacin ofishin ya gyara.

Abu biyu kada su shige maka duhu. Wa'adin ƙorafi gajere ne, yana jikin takardar, idan ya wuce sai wani zagayen. Sannan ka ci gaba da biya kana ajiye rasit, don a yawancin wurare ƙorafi ba ya dakatar da biya, tara ce za ta hau ka. Kuma idan ka san ka taɓa ƙara ɗaki ba su sani ba, yi tunani da kyau, ana iya zuwa dubawa a ɗaga maimakon a rage, garin neman gira a rasa ido.

Ni dai a ganina, tsallen da ka gani alama ce ta an daɗe ba a sabunta kimantawa ba, sai aka sauke maka na shekaru a lokaci guda. Kamata ya yi a riƙa yi a kai a kai, kuma kowa ya iya ganin darajar da aka yi wa gidan maƙwabcinsa. Wannan ciwo har ƙasashen da ake ganin sun ci gaba bai bari ba. A Ingila har yanzu da darajar shekarar 1991 ake raba gidaje rukuni takwas. A Jamus sai da kotun tsarin mulki ta yi fatali da tsarin a 2018, saboda a lokacin da ƙiyasin 1964 ake aiki a yammacin ƙasar, na 1935 a gabashinta. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, dokar 1978 ta hana ɗaga darajar fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara har sai an sayar da gidan, shi ya sa za ka ga gidaje biyu iri ɗaya, katanga ɗaya ta raba su, sabon mai saye yana biyan ninkin na tsohon mazauni. Wannan ban ga adalci a cikinsa ba, ko da yake tsofaffin da ke zaune kan fansho ba za su yarda da ni ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Duba ranar da ke jikin takardarka yau ɗin nan, ka gaya mana kwana nawa suka rage. Idan ka karɓo bayanan gidan, turo awon da suka rubuta mu duba tare.