Baƙaƙen Amurka a Yaƙin Hitila: bindiga suka riƙe ko dako suka yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakana yana cikin waɗanda aka kai yaƙin Bama, kuma ya sha ba mu labarinsa. Amma duk fim ɗin Yaƙin Duniya na Biyu da na kalla, sojojin Amurka farare ne zalla. Shin baƙaƙensu ba su je ba ne? (Daga wani mai karatu a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa kakanka. Sun je, kuma da yawansu. Cikin Amurkawa wajen miliyan 16 da suka sa kaki, sama da miliyan ɗaya baƙaƙe ne. Sai dai rundunar da suka shiga a rabe take: barikinsu daban, wurin cin abincinsu daban, kuma yawanci bature ke ba su oda. Hatta jinin da ake tarawa don masu rauni, ware na baƙi ake yi daga na fari. Manyan hafsoshi da dama sun ɗauka baƙin mutum ba zai iya tsayawa a bakin daga ba, sai aka tura akasarinsu dako, girki, gyaran hanya da tuƙi. Mai shirya fim kuwa ba ruwansa da ɗan dako.

Kada ka raina tuƙin nan. Bayan sun sauka a gaɓar tekun Nomandi da ke Faransa a Yunin 1944, sojojin ƙawance (Amurka da ƙawayenta) sun fatattaki Jamusawa da sauri har suka yi wa masu kawo musu fetur nisa, ga shi bama-bamai sun lalata layin dogon Faransa. A watan Agusta aka buɗe jigilar da ake kira Red Ball Express: manyan motoci kusan 6,000, hanya ɗaya ta zuwa, ɗaya ta dawowa, ba dare ba rana. Kusan uku cikin kowane direbobi huɗu baƙaƙe ne. Da dare akan rufe fitilar mota a bar 'yar tsaga kawai don kada jirgin abokan gaba ya hango, direba na gyangyaɗi, bayansa jarkokin fetur da harsasai. Kafin a rufe aikin a Nuwamba sun kai kaya sama da tan 400,000.

Dakon ma yana cin rai. Ranar 17 ga Yulin 1944, a tashar Port Chicago da ke jihar Kalifoniya, makaman da ake lodawa a jirgin ruwa suka tashi, mutum 320 suka mutu, 202 daga ciki baƙaƙen sojan ruwa ne waɗanda aka sa ɗaukar bama-bamai ba tare da horo na kirki ba. Da waɗanda suka tsira suka ce ba za su koma lodi a haka ba, kotun soja ta kama 50 da laifin bore. A ganina wannan shari'a ta fi fashewar kanta muni.

Akwai waɗanda suka riƙe bindigar. An horar da matuƙa jirgin yaƙi kusan 1,000 a Tuskegee da ke Alabama, aka san su a Italiya da jirage masu jar wutsiya. Akwai kuma bataliyar tankoki ta 761 da ta yi yaƙi a ƙarƙashin Janar Patton na sojan Amurka.

A gida ma da kyar aka buɗe musu ƙofar masana'antun makamai. Sai da shugaban ƙwadago Philip Randolph ya yi barazanar cika Washintan da masu zanga-zanga a 1941, sannan Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar hana wariya wajen ɗaukar aiki a masana'antun. Dubbai suka baro jihohin kudancin ƙasar zuwa birane irin su Detroit, inda rikicin launin fata a Yunin 1943 ya ci mutum 34, 25 daga ciki baƙaƙe.

Shugaba Truman ne ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a soja a 1948, shekara uku bayan yaƙi. Lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka kuwa, ba baƙin da ya samu ta wannan yaƙi sai 1997, lokacin da aka ba mutum bakwai, Vernon Baker kaɗai ke raye ya karɓa da hannunsa. Mutanen Port Chicago kuma sai a 2024 rundunar ruwa ta wanke su.